Na'a-na'a a Ledar Awaisu

Lauratu ta ɗora tukunya a murhu ke nan, tana jiran ruwa ya tafasa ta yi talge, sai ta ji muryar surukarta a bayanta.

"Sauke ta."

Ta waiga. Gwaggo Ladidi ce tsaye a gindin rumbu, ta toshe hanci da gefen mayafi, ko da yake babu abin da ke tashi a tsakar gidan sai hayaƙin kara.

"Gwaggo, yau girkina ne."

"Na sani. Daga yau an ɗauke miki. Hannun da ke kwasar abin da kike kwasa ba zai sake taɓa tuwon gidan nan ba. Ki nemi wata tukunya ki riƙa dafa muku, ke da mai ledarki."

"Ina wankewa da sabulu, Gwaggo, har da ruwan zafi—"

"Ko da ruwan Zamzam kike wankewa."

Lauratu ta sauke tukunyar. Sauran matan gidan suka ci gaba da sussukar masara kamar ba su ji komai ba.

Wanda ake kira mai leda ba bare ba ne. Awaisu ne, mijin Lauratu, autan Gwaggo da ta haifa da cikinta. Kafin abin ya faru, babu matashin manomi a ƙauyensu Ƙarfi da ake kwatance da shi kamarsa. Da damina masara da waken suya, da rani tumatir a fadama. Wajen kai hatsi shagon Alhaji Maitama a Funtuwa ya fara ganin 'yar Alhajin, ta kawo wa mahaifinta abinci, ƙamshin humrar da take haɗawa tana sayarwa ya cika shagon. Alhaji bai so ba wa ɗan ƙauye 'yarsa ba, amma da ya ga yarinyar ta kafe, yaron kuma ba shi da abin zargi, sai ya haƙura.

Ba su cika shekara da aure ba wata motar hatsi ta banke babur ɗinsa a hanyar Malumfashi, ƙarfen kan babur ya shige masa ciki. A Zariya likitoci suka ceci ransa, amma sai da suka yanke wani sashe na hanjinsa, suka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa na hagu, suka manna masa wata leda ta asibiti da bayan gida ke zuba a ciki. Ba shi da ikon riƙewa, ba ya ma sanin lokacin da zai fito.

Ciwon ya warke. Warin ne ya ƙi barinsu.

Lauratu ta yi duk abin da ta sani. Ta turara kayansa, ta shafa masa humra, ta fesa turare a kan ledar. Sai ƙamshi da wari suka haɗu suka zama wani abu da ya fi warin kansa tayar da zuciya, turaren fesawar kuma ya ƙona masa fata. A masallaci, in ya shiga sahu, na dama ya matsa, na hagu ya matsa, a bar shi tsaye kamar dashe a tsakiyar gona. Da ya gaji, sai ya koma salla a ɗaki.

Yayansa Ɗanasabe ne ya fara kawo maganar ɗakin taki.

"Ba don komai ba, Awaisu, saboda yara. Ɗakin can na bayan turken awaki ya fi shan iska. Gonar kuma kada ka damu, zan riƙe maka."

"Yaya, na fara samun ƙarfi. Zan iya zuwa ko da duba 'yan ƙwadago ne."

"Wane ɗan ƙwadago ne zai tsaya kusa da kai?"

Aka kwashe buhunan taki gefe guda, aka shimfiɗa musu tabarma. Lauratu ta share ɗakin, ta rataya labule, ta ce da mijinta, "Malam, ai nan ya fi shiru." Tun daga ranar maganarsa ta ragu, ya koma kwanciya yana fuskantar bango.

Gwaggo kuwa ta riga ta yanke hukunci a kan wanda ya jawo musu wannan. "Farar ƙafa gare ta," take gaya wa duk wadda ta shigo gaisuwa. "Yarona lafiya lau har ya ɗauko 'yar birni. Dubi yadda ta mayar mini da shi."

Wata ranar Lahadi da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Uwa ce, mahaifiyar Lauratu, tare da babban ɗanta Sadiq. Labari ya kai musu Funtuwa cewa 'yarsu na kwana a ɗakin taki. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta ƙi zama.

"Na zo tafiya da 'yata," ta ce da Gwaggo. "Ban haife ta don kwasar kashin ƙato ba."

"Da kin taimake mu," in ji Gwaggo. "Tun da ta shigo gidan nan ba mu ga alheri ba."

Matan biyu suka yi ta jifan juna da magana, kowacce na zagin zuriyar ɗaya, amma a kan abu guda bakinsu ya zo ɗaya: auren ya mutu.

Awaisu ya ji muryar surukarsa. Kunya ta hana shi ci gaba da kwanciya. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, wadda Lauratu ta goge ta ajiye, ya fito a hankali yana dafa bango. Ya iso gaban Hajiya Uwa, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba.

"Hajiya, barka da zuwa. An zo lafiya?"

Durƙuson ne ya matse ledar. Filastar ta ɗaga ta gefe guda. Kafin ya ankara, abin ya biyo farar rigar, ya gangaro har gwiwarsa, a gaban uwarsa, da surukarsa, da matan gida duka.

Hajiya Uwa ta ja da baya tana tofar da yawu. Sadiq ya juya yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Sori fa, amma wannan ai sai a daji." Gwaggo ta ɗauke kai, ta ce a kawo toka a zuba a wurin.

Lauratu kaɗai ta nufo shi. Ta cire mayafinta za ta rufe shi, ya ture hannunta. Ya ɗago ido ya dube ta, irin kallon da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ke ma kin gaji, ai na sani. Kullum sai kin fita waje kin ja numfashi, kina tsammani ban gani ba."

"Malam, don Allah ka tashi mu shiga ciki."

"Ki bi uwarki. Na sake ki, saki ɗaya."

"Malam—"

"Kun dai ji da kunnenku," in ji Hajiya Uwa. "Sadiq, ɗauko mata akwatinta."

Har aka tura Lauratu cikin mota tana waige. Yana nan durƙushe inda ta bar shi, babu wanda ya miƙa masa hannu.

A Funtuwa Hajiya ta sa aka ƙone kayan da Lauratu ta zo da su a jiki. Aka ware mata kofi da kwano har sai ta yi tsarki, in ji Hajiya. Ƙawayen Hajiya suka riƙa zuwa yi mata barka da arziki. Lauratu ta rame, ta daina haɗa humra, in an kira sunanta sai an maimaita. Ta kira wayar Awaisu har ta gaji, a kashe.

Ana nan sai Yasmin ta zo sayen humra. Tare suka yi sakandare, yanzu kuma nas ce a sashen masu tiyata na wani asibiti a Zariya, ta zo hutu gida. Da ta ga yadda ƙawarta ta koma, ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa. Lauratu ta kwashe komai ta gaya mata.

"Turaren a ina kike sawa?" Yasmin ta tambaya.

"A kayansa, da jikinsa, da bayan ledar."

"To ai warin daga ciki yake tasowa, Laure. Akwai maganin da ake ɗigawa cikin ledar, amma samunsa a nan wuya gare shi. Wasu daga cikin majinyatanmu man na'a-na'a suke sawa, tsantsarsa, wanda ba a gauraya da sipirit ba. In an juye ledar an goge, sai a ɗiga kaɗan a ɗan guntun auduga, a tura shi can ƙasan ledar. Amma ki ji ni da kyau: kada ya taɓa bakin hanjin, kada ya taɓa fata. Zai ƙona shi. In kin ga wurin ya yi ja, ki daina, ku zo asibiti."

"Shi ke nan?"

"Ba ya kashe warin duka, yana dai danne shi sosai. Sauran aikin na abinci ne. Ya rage ƙwai, da wake, da ɗanyar albasa. Ya riƙa shan kindirmo. Kuma a juye ledar tun ba ta cika ba. Wa ke wanke masa wurin yana canja ledar yanzu?"

Lauratu ba ta san amsar ba, kuma rashin sanin ya fi komai tsorata ta.

Man ƙamshi sana'arta ce, ta san mai kawo na kirki a kasuwa. Ta sayo ƙaramar kwalba, ta shinshina, ta ɗiga a farar takarda ta ga bai bar maiƙo ba, alamar tsantsa ne. Don ta tabbatar, ta ɗauki famfas ɗin jaririn matar Sadiq da aka cire, ta sa a leda tare da audugar, ta ƙulle, ta ajiye a rana. Da la'asar ta kwance ta kai hanci. Warin na nan, amma can ƙasa, kamar an danne shi da dutse. Ta zauna a bayan ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka dawo da ita.

Ba ta gudu ba. Washegari da safe ta sami mahaifinta yana karin kumallo, ta durƙusa.

"Baba, ina neman izini zan koma Ƙarfi."

"Wurin wanda ya sake ki a gaban jama'a?"

"Kunya ce ta sake ni, Baba, ba shi ba. Kuma iddata ba ta cika ba. A makarantar da ka sa ni aka koya mini cewa mai idda a ɗakin mijinta take zama."

Alhaji Maitama ya ajiye kofin shayi. Mutum ne da ba a mayar masa da magana, kuma abin da aka yi wa 'yarsa a Ƙarfi ya ƙona masa rai.

"Karatu za ki yi mini? To ji nan. Na ba shi ke ba da son raina ba, suka kwantar da ke da awaki. In kika taka ƙofar nan zuwa wurinsa, kada ki sake tako ta. Ko mutuwa na yi, ban ce ki zo ba."

Hajiya Uwa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Bar ta ta je. Wanda ya saba da shara ai ba ya jin daɗin ɗaki mai tsabta."

Lauratu ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. "Ku yafe mini," ta ce. Ta ɗauki 'yar jakarta, da kwalbar, da ledojin asibiti da Yasmin ta samo mata, ta fita.

Tun daga turken awaki ta fara jin warin. Da ta ɗaga labule, ƙudaje suka tashi kamar an watsa tsakuwa. Awaisu na kwance, ya zama ƙashi da fata. Ledojin asibiti sun daɗe da ƙarewa, Ɗanasabe ya ce ba zai iya jigilar Zariya ba. Ledar burodi ce manne a cikinsa da salatif, fatar da ke kewaye ta saɓule ta yi jajur. A bakin ƙofa ga kwanon tuwo da ake turo masa da ƙafa.

Ya buɗe ido. "Fita."

Ta ajiye jaka, ta ɗauki bokiti.

"Na ce ki fita. Ba na son tausayinki."

"Ban kawo tausayi ba, ruwan ɗumi zan kawo."

Tana hura wuta Gwaggo ta iso. "Wa nake gani haka? Bazawara a ɗakin namiji da rana tsaka?"

"Ina wuni, Gwaggo. Iddata ba ta cika ba."

"Kin dawo ki ƙarasa shi ke nan."

Lauratu ta koma ciki ta ɓare salatif ɗin a hankali, yana cije leɓe. Ta wanke wurin, ta bar shi ya sha iska, ta shafa hodar da Yasmin ta ba ta, ta manna sabuwar leda da audugar a can ƙasanta. Ta yi masa wanka, ta aske masa gemu, ta fitar da tabarmar ta ƙone, ta wanke daɓen da omo.

Bayan la'asar ta dama masa fura da kindirmo. Ya sha, cikinsa ya motsa, ya ji ledar ta yi nauyi. Nan take ya ja jiki zuwa bango kamar yadda ya saba, yana jiran ta tashi ta fita.

Ba ta tashi ba. Ta ma saki labulen, ta matso kusa.

"Me kike ji?" ya tambaya.

"Na'a-na'a. Da ɗan abin da ba a rasa ba, in na sa hanci sosai."

"Kada ki yi mini ƙarya, Laure."

"Ban taɓa yi maka ba. Da ina fita in ja numfashi, gaskiya ne. Ina fita ne don in iya dawowa."

Ya sunkuya ya shinshina rigarsa. Ya sake shinshinawa. Ya dubi hannunsa, ya dubi cikinsa, babu ƙuda ko ɗaya a kansa. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya kama gefen zaninta ya rufe fuskarsa da shi, yana kuka kamar yaro.

"Na wulaƙanta ki a gaban mutane."

"An wulaƙanta mu dai."

"Na mayar da ke. Allah ne shaida, na mayar da ke, in za ki yarda."

"Da ban yarda ba, me ya kawo ni ɗakin taki?"

Zaman Ƙarfi bai yiwu ba. Da Awaisu ya sami ƙarfi ya nemi gonarsa, Ɗanasabe ya ce gonar gado ce, ba a raba ba, kuma shi ya yi wahalar nomanta bana. Gwaggo ta goyi bayan babban ɗanta. Ranar da suka ɗaure kayansu a bayan a-kori-kura, Awaisu ya je bakin ƙofar ɗakinta ya yi sallama don ta sa masa albarka. Daga ciki ta ce, "Ka gaida gaba." Ba ta ɗaga labule ba.

A Malumfashi suka kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Lauratu ta koma haɗa humra da turaren wuta. Awaisu ya sami tsaron shagon wani mai sayar da iri da maganin feshi, inda manoma suka gano cewa shawararsa ba ta faɗuwa ƙasa. Ya je ya sami limamin unguwa ya gaya masa lalurarsa ba ɓoye-ɓoye. Liman ya ce shi mai uzuri ne, ya tsabtace abin da zai iya, ya yi alwala, ya shiga sahu. Ya shiga. Wasu ranaku ledar takan ba shi kunya, filasta ta ɗaga ko ciki ya yi ƙara a cikin mutane. Ya koyi tashi ya je ya gyara ya dawo. Da suka koma Zariya, likita ya gaya musu hanjin ba zai mayu ba, da ledar zai rayu. A mota, suna ratsa Funtuwa, Awaisu ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Lauratu ta ce amin, idonta na kan hanyar da ke shiga unguwar iyayenta.

Da damina ta zagayo ta haifi 'ya mace. Daga Ƙarfi babu wanda ya zo. Ta aika wa Hajiya Uwa, aka dawo mata da cewa Hajiya ba ta da jika a Malumfashi.

Awaisu ya ga matarsa na shayar da jaririya tana share hawaye a ɓoye. Da gari ya waye ya shirya, ya hau mota zuwa Funtuwa.

Shagon Alhaji Maitama cike yake da dillalai da masu auna masara. Awaisu ya yi sallama, ya rage tsawo ya gaishe shi. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya ci gaba da ciniki. Ba a ba shi wurin zama ba. Ya koma gefe ya tsaya a rana. Sadiq ya wuce ya ce da dillalai, "Ku yi hankali da buhunanku," wasu suka yi dariya. Awaisu bai motsa ba. Aka kira azahar, ya bi su masallaci, ya dawo ya tsaya inda yake. Sai da kasuwa ta fara watsewa Alhaji ya yi magana, ba tare da ya dube shi ba.

"Me ya kawo ka?"

"Baba, Lauratu ta sauka. Na zo in gaya maka da bakina, kuma in roƙe ka gafara. Laifin nawa ne, ba nata ba. Ni kuna iya ci gaba da fushi da ni, na cancanta. Ita dai ba ta da wani uba."

Alhaji ya daɗe yana juya carbi.

"Tun safe kake tsaye da wannan lalurar?"

"Ita ta tsaya mini fiye da haka, Baba."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Mace ko namiji?"

"Mace."

"An yi mata huɗuba?"

"Na yi mata kiran salla a kunne. Sunan muka bari, ta ce sai abin da ka faɗa."

Alhaji Maitama ya tura kujerar da ke kusa da shi da hannu. "Zauna, kada ka faɗi. Sadiq, kawo masa ruwa, kuma da hannu biyu." Ya mayar da tabarau. "Amatullahi za a sa mata, sunan mahaifiyata. Ka ce wa uwarta gobe ina tafe."

Ya zo kuwa, shi kaɗai, da rago a bayan mota. Hajiya Uwa ba ta biyo shi ba, Gwaggo ma har yau ba ta taka Malumfashi ba, gonar kuma tana hannun Ɗanasabe. Haƙuri bai dawo wa Lauratu da komai da komai ba. Amma ya bar mata mijinta da rai, ya dawo mata da ubanta, ya ɗora mata 'ya a cinya.

Lalura ba ta neman izinin kowa kafin ta shiga gida, kuma jikin da ake ƙyama yau lafiyayye ne jiya. Duk wanda Allah ya jarrabi nasa, kada ya tsaya daga nesa yana toshe hanci. Ya matso, ya tambayi masu sani, ya nemi dabara. Sau da yawa abin da ke tsakanin majinyaci da mutuncinsa bai fi ɗigon mai a guntun auduga ba, da mutum ɗaya da ya ƙi tafiya.